Ranar da Naira Ta Zama Haja

A watan Fabrairun 2023 na ga abin da ban taɓa zaton zan gani ba, wato ana sayen naira da naira. A bakin wata kasuwa a Kano ne. Wani matashi da bai fi shekara ashirin ba yana zaune ƙarƙashin lema da 'yar na'urarsa ta POS, jama'a sun yi masa rumfa kamar mai rabon zakka. Ka tura masa dubu goma sha biyu, ya tofa yawu a yatsa ya ƙirgo maka dubu goma. Wani dattijo da ke gabana, da alama kuɗin fanshonsa ya zo cira, ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, kuɗin nan fa nawa ne, ba aro na zo ba." Yaron bai ko ɗago kai ba ya ce, "Baba, wallahi ni ma saye na yi. Tun asuba ina gidan mai, su ma sai da na ba su nasu." Dattijon ya yi shiru, ya miƙa katinsa.

Duk wanda zai yi maganar tsarin rage amfani da tsabar kuɗi a Najeriya, daga ƙarƙashin lemar nan ya kamata ya fara, domin a nan talaka ya san tsarin. Amma maganar ta girmi 2023 nesa ba kusa ba. Tun 2012, lokacin da Sanusi Lamido Sanusi yake gwamnan Babban Bankin Najeriya, aka fara gwada shi a Legas. A wancan lokacin ba a hana kowa kuɗinsa ba, tara kawai aka sa: wanda ya cire fiye da naira 500,000 a rana, ko kamfanin da ya wuce miliyan 3, sai ya biya wani kaso a kan rarar. A 2013 tsarin ya iso Kano da Abuja da wasu jihohi huɗu, a 2014 kuma aka kawo lambar BVN. Mai shayi da mai kayan miya ba su ma san ana yi ba, don ba su taɓa kusantar wannan iyaka ba.

Abin ya sauya salo ranar 26 ga Oktoban 2022, da Godwin Emefiele, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya sanar cewa za a sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin za su fito tsakiyar Disamba, tsofaffin su daina aiki ranar 31 ga Janairu. Mako shida ke nan da 'yan kwanaki, a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200, ana kuma saura 'yan makonni a yi babban zaɓe. Kafin a gama narkar da wannan, sai ga wata sanarwa a farkon Disamba: iyakar abin da mutum zai cire ita ce naira 100,000 a mako. Da kururuwa ta yi yawa aka ɗaga zuwa 500,000. Sai dai wannan iyaka ta takarda ce kawai, don a zahiri mutum yakan wuni a layi ya tashi da dubu biyar, wata rana ma a ce ya dawo gobe. An kwashe tsofaffin kuɗi daga hannun mutane, sababbin kuma ba a buga isassu ba. Kuɗin da ke yawo a ƙasa, waɗanda suka haura naira tiriliyan 3, suka dawo ƙasa da tiriliyan 1 a cikin Fabrairu.

Sauran labarin kowa ya sani. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara, dukkansu na jam'iyya mai mulki, suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli. Shugaba Buhari ya fito ranar 16 ga Fabrairu ya ce tsohuwar 200 kaɗai za ta ci gaba da aiki. A wasu biranen Kudu aka farfasa bankuna. Ranar 3 ga Maris kotu ta ce tsofaffin takardu su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, daga baya a Nuwamba ta cire wa'adin gaba ɗaya. Shi ya sa har yau tsohuwa da sabuwa suke kwana a aljihu ɗaya.

Ya kamata a yi wa Babban Banki adalci, don hujjojinsa ba duka ne na banza ba. Takardar kuɗi tana da tsada: a buga ta, a ɗauke ta a mota da 'yan sanda, a ƙirga, a tantance, ta yage a ƙone a sake bugawa. Wanda ya san zamanin da fatake ke ɗinke kuɗi a cikin buhun hatsi ko su ɗaura a ciki kamar laya kafin su hau motar Legas ko Anacha, ya san rayuka nawa fashin hanya ya ci saboda tsaba. Yau ɗan Kantin Kwari yana zaune a shagonsa yake biyan kaya a Aba. Wannan ci gaba ne, kuma ba mai son a koma baya.

Inda hujjar ta fara rawa shi ne batun hauhawar farashi. An ce daga cikin tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna, kusan kashi 85 cikin ɗari, aka faɗe shi kamar an kama ɓarawo. To ina ake son takardar kuɗi ta zauna? Ai don ta fita kasuwa aka buga ta. Kuma duk tsabar nan ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da ke cikin tattalin arzikin ƙasar ba, wanda a lokacin ya kai wajen tiriliyan 50, mafi yawansu lambobi ne a asusun banki. A daidai wannan lokacin, bashin da shi Babban Bankin ya riƙa bai wa gwamnatin tarayya ya haura tiriliyan 22. In ana neman inda ruwa ya shigo ɗaki, rufin ya kamata a duba kafin a tuhumi tulun da ke bakin ƙofa. Hauhawar farashi kuwa ba ta sauka ba: tana kashi 21 da ɗoriya a Disamba, ta haura 22 a Maris.

Abin da ya faɗi shi ne farashin kayan talaka. A kasuwannin ƙauye kaya suka koma farashi biyu, na tsaba daban, na taransifa daban. Manomin da ya kawo buhun masara, ko matar da ta jawo akuya don ta sayi magani, ba su da asusu, ba su da waya mai karɓar alat. Duk wanda ya zo da takarda a hannu shi ne sarki, abin da ya taya shi za a sallama. Mai tumatir da mai nono, waɗanda kayansu ba ya kwana, su suka fi jin jiki.

Sai batun kuɗin fansa da sayen ƙuri'a, wanda shi ya sa mutane da yawa a Arewa suka yi haƙuri da farko, suna cewa in dai zai kawo ƙarshen 'yan bindiga, to a sha wuyar. Garkuwa da mutane ba ta tsaya ba. Wanda ke riƙe da ɗanka a daji bai damu da launin takarda ba. In babu tsaba zai ce a kawo babura da man fetur da buhunan shinkafa da katin waya. Ɗan siyasa kuwa da ya rasa tsaba sai ya koma taliya da atamfa da sabulu. Manyan da aka ce ana hari, ban ga ko ɗaya a layin ATM ba.

Wani abin mamaki shi ne ba wannan ne karo na farko ba, kuma shugaban ma ɗaya ne. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta sauya launin naira, ta rufe iyakoki, ta ba mutane ƙasa da mako biyu. Dattawa har yau suna ba da labarin waɗanda suka fito da kuɗi daga tukunya bayan wa'adi ya wuce. Indiya ma ta gwada a Nuwamban 2016, ta soke takardun rufi 500 da 1,000 dare ɗaya da sunan kama kuɗin haram, ƙarshe kusan kashi 99 cikin ɗari na takardun suka dawo banki lafiya lau. Darasin yana nan a fili shekara shida kafin namu.

Duk da haka, ƙarya ne a ce wahalar 2023 ba ta bar komai ba. Ta koya wa mutane taransifa da bulala. A makonnin da manhajojin manyan bankuna suka riƙa sumewa saboda cunkoso, sai jama'a suka gano OPay da PalmPay da Moniepoint, inda ake buɗe asusu da lambar waya, kuɗi kuma ya shiga kafin ka mayar da wayar aljihu. Yanzu mai shayi ya rubuta lambar asusunsa da gawayi a jikin bango, mai nama ya liƙa tasa a jikin gilashin tsire, ɗan adaidaita ya haddace tasa kamar sunansa. Masallatai sun kafa allo da lambar asusu kusa da akwatin taimako. 'Yan adashi suna zubi ta waya. Alƙaluman NIBSS, hukumar da ke daidaita biya tsakanin bankuna, sun nuna kuɗin da aka tura ta waya da intanet sun tashi daga kusan tiriliyan 387 a 2022 zuwa wajen tiriliyan 600 a 2023. Ita kuwa eNaira, wadda gwamnati ta ƙaddamar da biki a Oktoban 2021, har yau ban haɗu da mai kayan miyar da ya ce in biya shi da ita ba. Mutane sun bi abin da ya yi musu aiki, suka bar wanda aka yi wa talla.

Amma akwai darasi na biyu da aka koya a rana ɗaya da na farko, kuma shi ne masu tsara manufa ba sa son ji. Mutane sun gane cewa kuɗin da ka kai banki, ba lallai ne ka same shi ranar da kake so ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ɗan kasuwar da a da yake kai cinikinsa banki kowace yamma, yanzu sai ya yi tunani sau biyu. Zuwa ƙarshen 2024 tsabar da ke yawo ta haura tiriliyan 5, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari tana wajen bankuna, wato kason ya fi na ranar da Emefiele ya yi kuka da shi. A ganina nan ne cibiyar maganar duka. Mutum yana barin kuɗinsa a asusu ne in ya tabbata duk sa'ar da ya so zai mayar da su takarda ba tare da roƙo ba. Ka tauye masa wannan, ka kashe abin da zai sa ya saki tsabar da kansa.

Akwai kuma waɗanda ko sun so shiga tsarin, ƙofar ba ta kai gare su ba. Binciken EFInA na 2023 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na baligan 'yan Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin harkar kuɗi ta zamani ko ta gargajiya. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 47. Akwai ƙananan hukumomi a Arewa da babu reshen banki ko ɗaya a cikinsu. Taransifa tana buƙatar waya, waya tana buƙatar caji da sabis, mai ita kuma yana buƙatar karatun da zai bambance alat na gaske da na bogi. A Satumban 2021 hukumomi da kansu suka katse layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato saboda tsaro. Da a ce a lokacin an riga an raba mutane da tsaba, da me za su sayi gero?

Ka je kasuwar dabbobi ta Wudil ranar Juma'a, ko Maigatari ranar Alhamis, ka ga yadda ciniki ke faɗawa. Makiyayi ya sayar da sa, zai juya daji inda ko sanda ɗaya ta sabis babu. In mai saye ya ce sai taransifa, dole kuɗin su bi ta asusun dillali ko na mai POS, a yanki wani abu bayan la'ada. An ƙara masa wani mai cin rabo a tsakani.

Wadda ba a cika ambata ba ita ce matar da ke sana'a a cikin gida. Mai ƙuli-ƙuli, mai ɗanwake, mai kitso, mai sayar da itace a zaure. Ƙarfinta duka yana cikin 'yan canjin da take ƙullewa a bakin zane ko ta jefa a asusun ƙasa, ba wanda ya san yawansu sai ita da Allah. Da su take zubin adashi, take tara kayan ɗakin 'yarta, take kai gudummawar biki. Addini da al'ada sun yarda dukiyarta tata ce. Ranar da mai saye ya ce ba shi da tsaba, sai ta ce a tura wa maigida ko babban ɗanta, don su ke da asusu. Daga ranar sirrinta ya fita, kuma karɓo kuɗin ya koma sai da lallashi. Wata gwaggota ta taɓa ce mini, "Kai dai bari, ɗan nan. Da kuɗina suna ƙarƙashin katifa ina barci a kansu. Yanzu suna wayar Abba, sai na gaishe shi kafin in gan su." Ta faɗa tana dariya, amma ba wasa take ba. Haka almajiri da mabaraci da ɗan dako da mai gadin takalma a masallaci: rayuwarsu a kan naira hamsin da ɗari take, irin kyautar da hannu ke yi kafin zuciya ta yi shawara. Kalmar "ba canji, sai taransifa" ta rage sadaka fiye da yadda ake zato.

Wasu kuma abin da ya nisanta su da banki tun asali tsoron riba ne. Wannan ya ragu tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu bankunan marasa kuɗin ruwa suka biyo baya, sai dai su ma rassansu a birane suke.

Sannan ga tsada. Takarda in ta fita daga hannuna zuwa naka, dubu ɗaya tana nan dubu ɗaya ko ta zaga hannu ɗari. Taransifa kuwa kowane taki da kuɗinsa: ladan turawa daga naira 10 zuwa 50, harajin naira 50 a kan abin da ya kai 10,000, kusan naira 7 ga mai danna lambobi a ƙaramar waya, kuɗin saƙon alat, kuɗin kula da kati. Daga Maris 2025 kuma, cire 20,000 a ATM ɗin da ba na bankinka ba ya koma naira 100. Ga mai tura miliyoyi wannan ba komai ba ne. Ga mai cinikin dubu uku a rana, riba ce ake gutsura. Ba a ce mutum ya bar hanya ya hau titi, sannan a kafa masa shinge kowace kusurwa. Gana ta gwada a 2022 da harajin kashi 1.5 cikin ɗari a kan tura kuɗi ta waya, mutane suka ja da baya, aka rage, a 2025 aka soke shi. Ban ma kawo maganar ranar da za a cire maka kuɗi, ba su isa ga mai kaya ba, kana tsaye a kantin magani da takardar likita a hannu, a ce ka je banki ka cike fom ka jira kwanakin aiki. Ya taɓa faruwa da ni, sai da mai kantin ya dubi fuskata ya ba ni bashi.

Akwai tambayar da ba a cika yi ba a nan, ita ce ta iko. Kuɗin da ke asusu, wanda ke riƙe da makulli yana iya rufe shi. A Nuwamban 2020, bayan zanga-zangar EndSARS, Babban Banki ya samo umarnin kotu ya daskarar da asusu 20 na waɗanda ake alaƙantawa da ita. Ko kana goyon bayan zanga-zangar ko ba ka yi, ka ga abin da zai yiwu. Ko Suwidin, wadda ta fi kusan kowace ƙasa nisa a wannan hanya, ta dawo ta wajabta wa manyan bankunanta samar da tsaba, tana kuma shawartar mutanenta su ajiye wani abu a gida saboda ranar da na'ura za ta tsaya.

Tarihinmu ma yana da abin cewa. Kalmar "kuɗi" kanta jam'in "wuri" ce. Da Turawa suka kawo sulalla a farkon ƙarnin da ya wuce, suka ce da su za a biya haraji, wuri bai ɓace rana ɗaya ba. Ya daɗe a kasuwannin ƙauye, domin shi kaɗai ke iya sayen gishirin miya ɗaya ko ƙullin daddawa. Anini, wanda goma ke yin kwabo, shi ya sauko daidai aljihun talaka, sannan a hankali wuri ya koma adon ƙwarya da kayan bori. Ba doka ce ta kore shi ba, samun abin da ya fi shi sauƙi ne.

Yau ma abin da ke tura mutane ga taransifa ya fi kowace sanarwa ƙarfi, wato lalacewar ita kanta nairar. Takardar 1,000 ta fito a 2005 tana da darajar fiye da dalar Amurka bakwai. Yanzu ba ta kai dala ɗaya ba, kuma har yau ita ce babba. An so fito da ta 5,000 a 2012, aka yi ca, aka fasa. Kuɗin buhun shinkafa ɗaya yanzu damin takardu ne, na babur kuwa sai da leda. Naira biyar da goma sun bi sahun kwabo. Wanda zai sayi firji ba ya buƙatar a yi masa wa'azin taransifa.

Shi kuwa yaron nan na ƙarƙashin lema, kwanakin baya na bi ta wurin. Lema ta zama shagon kwano mai fenti, na'ura uku a gabansa, ga ƙaninsa yana taya shi. Tun Disambar 2024 Babban Banki ya ce kada mai POS ya ba mutum ɗaya fiye da naira 100,000 a rana, shi ya sa mai son fiye da haka sai ya raba tsakanin yaron da maƙwabcinsa, ya biya caji sau biyu. Na tambaye shi ko yanzu banki na ba su kuɗi. Ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, wa zai je layi?" Kowace yamma yakan zaga wurin masu shinkafa da masu gidan burodi, ya karɓi cinikinsu na ranar, ya tura musu ta waya. Da safe ma'aikata da 'yan fansho su zo su saya a hannunsa, su shiga kasuwa su kashe, da yamma ya sake bi ya tattaro. ATM ɗin da ke tsallaken titi kuwa, wata akuya ce kwance a inuwarsa.